Bayan Tiyatar Rage Ƙiba: Abinci, Magani, Haɗari da Hukuncin Azumi

Tambaya:

Ƙanwata tana aure a Barnawa. Wata huɗu ke nan da aka yi mata tiyatar rage tumbi a Masar saboda ƙiba da ciwon suga. Ta rame sosai, ba ta iya cin abin da ya wuce cokali biyar ko shida, kuma ta ce idan Ramadan ya zo sai ta yi azumi, don ba za ta haɗa wa kanta laifi biyu ba: ta canza halittar Allah, sannan ta sha azumi. Ta kuma fara barin ƙwayoyin da aka ba ta, wai ta warke. Malam mene ne hukunci, kuma me ya kamata mu sani?

Amsa:

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Allah Ya ba ƙanwarka lafiya mai ɗorewa.

Amsa a taƙaice ita ce: tiyatar da aka yi don magani ba laifi ba ce, shan azumi ga wanda ke wata huɗu da wannan tiyata ba laifi ba ne, amma barin ƙwayoyin nan shi ne abin da nake ji mata tsoro. Zan tsawaita, domin wannan tambaya ta fara yawaita a wurinmu, kuma na lura mutane suna tambayar halaccin tiyatar, ba sa tambayar abin da ke biyo bayanta, alhali a nan ne mafi yawan wahalar take. Abin da ya shafi jiki a cikin wannan amsa na tattaro shi daga bayanin likitocin fannin, abin da ya shafi hukunci kuwa na bi mazhabar Malikiyya da muke kai, ina ambaton saɓani inda ya kamata.

Ka fara sanin abin da aka yi wa cikin nata. Wannan tiyata ba ita ce zuƙe kitse ba, wadda ake yi a ƙarƙashin fata. Ita wannan tumbin mutum ake taɓawa, kuma iri biyu ne suka fi yawa. Na farko likitoci suna ce masa silib, wato hannun riga: ana yanke kusan kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbi a fitar da shi gaba ɗaya, a bar siriri kamar ayaba. Ba ya dawowa. Na biyu shi ne baifas, wanda wani likita mai suna Edward Mason ya fara a Jami'ar Iowa ta Amurka a 1966: ana ware ɗan aljihu a saman tumbi, girmansa bai wuce ƙwai ba, a haɗa shi kai tsaye da tsakiyar ƙaramin hanji. Mu mutanen Kaduna ba ma buƙatar dogon bayani kan wannan suna. Tirelar da ta bi titin Nnamdi Azikiwe, wanda muke ce wa Baifas, ta wuce gari ba ta shiga cikinsa ba, kayan da ta ɗauko ba a sauke su a kasuwa ba. Haka abinci yake yi bayan wannan tiyata: yana tsallake sauran tumbi da farkon hanji, kuma a nan ne jiki ya fi sauke sinadarin ƙarfe da kalsiyam. Ka riƙe wannan misali, za mu dawo kansa.

Likitoci ba sa yi wa kowa. Suna da ma'auni: a raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita sau kansa. Mai kilo 120 da tsawon mita 1.70 zai fito da 41 da ɗoriya. Tun 1991 ƙa'idar ita ce 40, ko 35 idan akwai ciwo kamar suga ko hawan jini. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin fannin suka sassauta zuwa 35, ko 30 ga mai ciwon suga da makamantansa.

Game da halacci, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta zauna a Putrajaya ta ƙasar Maleshiya a 2007 kan tiyatar gyaran jiki, ta kuma halatta rage nauyi ta hanyar tiyata idan ƙibar ta kai matsayin ciwo, babu wata hanyar da ta fi sauƙi, kuma an amince ba za a jawo cutar da ta fi ba. Canza halittar da aka hana shi ne taɓa lafiyayyen jiki don neman ƙarin kyau ko yaudara. Wadda suga ke cin idonta da ƙodarta, gwiwa ta hana ta sujada, neman magani ta yi. To ka gaya wa ƙanwarka ta sauke wannan nauyi daga zuciyarta. Wadda kuma ta yi don kishiya ta fi ta siranta, wannan magana ce daban, sai dai ita ma idan an riga an yi, tuba ce tsakaninta da Ubangijinta, kula da jikin kuma ya zama wajibi a kanta kamar kowa.

Abin da nake so ka fahimta, ya kai mai karatu, shi ne wanda ya yarda aka yi masa wannan tiyata ya ɗauki alkawari na tsawon rai. Jiki amana ne, kuma yanzu amanar ta ƙara sharuɗɗa. Matsalarmu a nan ita ce yawancin masu yi a Alƙahira ko Istanbul ko Indiya suke yi, wasu a Legas ko Abuja. Bayan kwana bakwai ko goma an sallame ka, ka hau jirgi, likitan da ya san abin da ya ɗinka yana can, kai kana Kakuri. Saboda haka abu na farko: takardar da ta bayyana irin tiyatar da aka yi, da ranar, da magungunan da aka rubuta, a ajiye ta kamar takardar gida, a ɗauki hotonta a waya. Sannan a nemi likita ɗaya a nan gida wanda zai riƙa bibiya, tun kafin wani abu ya faru. Na ga wanda aka tambaye shi a asibiti wace iri aka yi masa, ya ce shi dai an rage masa ciki. Wannan amsa ba ta taimakon likita da komai.

A makonnin farko abu biyu ke kisa. Ɗaya yoyon ɗinki, inda ruwan tumbi ke zuba cikin ciki. Alamarsa bugun zuciya da ya haura 120 a minti, zazzaɓi, ciwon ciki mai ƙaruwa, wani lokaci ciwo a kafaɗar hagu. Na biyu gudan jini a ƙafa wanda ke iya tafiya huhu, kuma doguwar zama a jirgi tana ƙara shi: ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya farat ɗaya. A nan garin duk zazzaɓi maleriya ne a wurinmu, sai a tafi kemis. Wanda bai kai wata biyu da wannan tiyata ba, zazzaɓinsa na asibiti ne mai likitan fiɗa, a daren, ba da safe ba. Akwai Gwamna Awan da St. Gerard a Kakuri, akwai Barau Dikko idan an haye gada, akwai Shika a Zariya idan aka tura. A ƙwararrun hannu mutuwa daga tiyatar kanta kaɗan ce, kusan 1 zuwa 2 cikin 1000, amma wannan lissafi na wuraren da ake kama matsala da wuri ne.

Wasu sun tambaye ni kan allurar hana gudan jini da ake ba su su riƙa yi a fatar ciki, irin su Clexane, saboda sun ji daga hanjin alade ake samo sinadarinta. Gaskiya ne. Akwai wata mai suna fondaparinux da ba daga dabba take ba, wanda ya samu kuma likita ya yarda, ya fi. Wanda bai samu ba ya yi wadda ke hannunsa, lalura ce, kada ya bari. Salla kuwa a kwanakin nan ka yi yadda ka iya, a zaune ko da nuni, ka yi shafa a kan bandeji idan wanka ya kama ka, idan ruwa zai cutar ka yi taimama.

Yanzu abinci. Ana farawa da ruwa-ruwa kamar mako biyu, sai markaɗaɗɗe, sai mai laushi, kafin a kai ga abinci sosai wajen mako shida zuwa takwas. Wannan kowa yana bi, don tsoro bai sake shi ba tukuna. Bayan nan ne ake sakaci. Tumbin da ba ya ɗaukar abin da ya wuce rabin kofi ba a cika shi da tuwo. Abincinmu yawanci hatsi ne, miya da nama ɗan rakiya ne. Wanda aka yi wa tiyatar nan sai ya juya tsarin: abin gina jiki shi ne farko, hatsi ya zama rakiya. Ana so ya samu giram 60 zuwa 80 na furotin a yini. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, kofin madara kamar 8, kifi ko kaza gwargwadon tafin hannu 20 zuwa 25. Alhamdu lillahi ba sai an yi odar komai daga waje ba: alale, awara wadda ba a soya ta ƙandare ba, kindirmo marar suga da aka tabbatar da tsabtarsa, farfesun kifi, dafaffen wake da ya nuna lugub, duk ana samunsu a Kasuwar Monday. Abin da ke maƙalewa shi ne busasshen nama irin kilishi da tsiren da ya sha wuta, burodi mai laushi da ke dunƙulewa, da abu mai zare kamar mangwaro mai gashi da farin ɓawon cikin lemo. A tauna kowace loma har ta narke, a ɗauki minti 20 zuwa 30 kan ɗan abin da ke faranti, a tsaya da zarar an ji nauyi a ƙirji.

Ruwa ana buƙatar lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, amma kurɓi-kurɓi, kuma ba tare da abinci ba. A bar minti 30 tsakani. Wani ɗalibi ya ce mini, to Malam ina hadisin da Tirmizi ya rawaito kan raba ciki gida uku, na abinci da na sha da na numfashi? Na ce masa manufar hadisin kada a cika ciki, kuma babu wanda ya fi mai wannan tiyata bin ta, dole ma ta sa shi. Ba a ce sai an haɗa ci da sha a zama ɗaya ba. Sunnar shan ruwa a zaune, da numfasawa tsakanin kurɓi, ita ma ta zo masa daidai. Lemon kwalba mai gas kuwa ya yi sallama da shi.

Akwai wani abu da ke firgita mutane, musamman masu baifas. Idan abu mai zaƙi ya faɗa hanji da sauri, cikin minti 10 zuwa 30 sai zufa ta karyo, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, jiri, murɗar ciki, gudawa. Wani kuma sai bayan awa ɗaya zuwa uku, lokacin da jiki ya saki insulin da yawa suga ya faɗi ƙasa, mutum ya riƙa rawar jiki, har ya iya suma. Zoɓo mai suga, kunun zaƙi, fura da aka zuba wa suga, shayi mai madarar gwangwani, su ne masu jawo shi. Har zuma. Na san wannan zai yi wa wasu nauyi, domin waraka a cikin zuma tabbatacciya ce a Alƙur'ani, amma malamai tun da can sun bayyana cewa ba kowane ciwo ba ne kuma ba kowane gwargwado ba. Ludayin zuma da sassafe ga mai baifas zai iya kwantar da shi.

Ga 'yan'uwa kuma ina da magana. Mu mutane ne da ke nuna ƙauna da abinci. A gidan suna ko biki a ajiye mata faranti, ta ci cokali uku ta ture, sai a fara: ko an yi miki laifi ne, ko kin raina abincinmu, dubi yadda kika lalace. Sai kunya ta sa ta ƙara, ta fita bayan gida ta amayar. Ku bar ta. Ita ma ta daina ɓoyewa ga na kusa da ita, ɓoyon nan shi ke sa a takura mata, kuma ranar da ta faɗi babu wanda zai san abin da zai gaya wa likita.

Mu dawo kan tirelar da ba ta sauke kaya ba. Bitamin B12 yana buƙatar wani sinadari da tumbi ke fitarwa kafin jiki ya karɓe shi, kuma an cire ko an tsallake mafi yawan tumbin. Hanta tana da ajiyarsa ta shekaru, shi ya sa mutum zai bar magani ya ga shekara ɗaya ko biyu lafiya lau, ya ce ai likitoci kasuwanci suke yi. Ranar da ajiyar ta ƙare sai tafin ƙafa ya fara jin kamar ana tsira allura, mantuwa, kasala, ƙarancin jini, kuma lalacewar jijiya idan ta daɗe ba lallai ta gyaru ba. Shi ya sa ake yin allurarsa, a tsarin Ingila duk wata uku, har ƙarshen rai. Sinadarin ƙarfe shi ma haka, kuma mata masu haila sun fi shiga haɗari. Kalsiyam da bitamin D idan suka yi ƙasa ƙashi ne ke biya a ɓoye, sai an yi ƙaramin tuntuɓe a ji karaya. Ba a haɗa ƙwayar ƙarfe da ta kalsiyam a lokaci ɗaya, a raba su da awa biyu, kuma kada a kora ta ƙarfe da shayi, yana hana ta shiga jiki. Gwajin jini a wata na 3, na 6, na 12, daga nan duk shekara. Gashi yana zubewa tsakanin wata na uku da na shida, yawanci yana dawowa, kada ya tayar da hankali.

Habbatus sauda da zogale da man zaitun abubuwa ne masu amfani, amma babu B12 a cikinsu da zai maye gurbin allurar. Wanda yake ganin barin magani tawakkali ne, ya sani Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi magani ya kuma yi umarni da shi. Idan damuwar kwanson kafso ce, saboda wani ana yin sa da jelatin na alade, malamai sun saɓa kan ko sarrafawa ta canza hukuncinsa. Mafita mai sauƙi ita ce a nemi ƙwaya, ko ta taunawa, ko ta ruwa, ko kafso mai kwanson tsiro, dama su suka fi dacewa da ƙaramin tumbi. Idan ba a samu ba a sha wanda ya samu. Kuma mai niyyar tiyatar ya sa kuɗin waɗannan magunguna cikin lissafi tun farko. Mutum ya sayar da fili ya biya tiyata, bayan shekara ya kasa sayen bitamin, wannan ba tsari ba ne. Idan matar aure ce kuma da yardar miji aka yi, ina ganin ba mutunci ba ne ya janye hannu a nan.

Akwai guda ɗaya da nake so kowane limami da kowane mai ruƙya ya sani. Bitamin B1, wanda ake kira tayamin, ajiyarsa a jiki ba ta wuce mako biyu zuwa uku. Wanda ke ta amai bayan tiyata yana iya ƙarar da shi, sai ƙwaƙwalwa ta taɓu: ruɗewa, magana ba kan gado, ido yana rawa ko gani biyu-biyu, tafiya kamar mai maye. An taɓa kirana wani gida a nan Makera in yi wa wata baiwar Allah addu'a, wai an yi mata sammu, tun da ta dawo daga tafiya take ramewa, yanzu kuma ba ta gane mutane. Sai da na matsa da tambaya mijin ya ja ni gefe ya ce an yi mata aiki a ciki, ta fi wata tana amai. Har an kira wani ya sa mata ƙarin ruwa a gida sau biyu, kuma bayan kowanne sai ta ƙara rikicewa. Daga baya likita ya bayyana mana cewa ruwan suga idan ya shiga jikin da babu tayamin, ƙara rura wutar yake yi, dole a fara ba da tayamin ta jijiya. Na yi mata addu'a a cikin mota muna hanyar asibiti. Ta rayu, amma har yau tafiyarta ba ta koma daidai ba. Ban hana ruƙya ba, ni ma ina yi. Amma duk wanda aka kawo maka da irin wannan alama, ka tambaya ko an taɓa yi masa aiki a ciki, kuma amai da ya wuce kwana biyu ko uku ga mai wannan tiyata na asibiti ne.

Sai maganin ciwon jiki na kemis. Ibuprofen, diclofenac, Feldene, asfirin, da haɗe-haɗen da ake ƙullawa a leda a ce na gajiya ne, suna haddasa gyambo a wurin ɗinki, har ya yi jini ko ya huje. Mai baifas ya nisance su sai da izinin likita, farasitamol ya ishe shi. Taba da shisha su ma haka suke yi wa ɗinkin. Saurin ramewa yana kawo tsakuwa a maɗaciya, shi ya sa wasu likitoci ke ba da maganin kariya na wata shida. Masu silib kuma ƙwannafi ya fi damunsu. Kada a ce shekaru sun wuce an tsira: Lisa Marie Presley, 'yar mawaƙin nan na Amurka, ta rasu a Janairun 2023, binciken gawa ya nuna toshewar hanji ce daga tabon tiyatar rage ƙiba da aka yi mata shekaru kafin nan. Ciwon ciki mai tsanani da amai ga mai wannan tarihi ba na jiƙo ba ne.

Ga mata: haihuwa takan buɗe bayan an rame, har ga wadda ta daɗe tana nema. Amma likitoci suna so a jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18, domin jikin da ke zubar da nauyi ba ya iya ciyar da ɗan tayi yadda ya kamata. Tazara ta ɗan lokaci saboda lafiya, da yardar ma'aurata, halal ce. A sani kuma ƙwayar tazara ta sha ba abin dogaro ba ce bayan baifas, a tambayi likita wata hanyar.

To, azumi. Bari mu yi lissafi tare. A Kaduna yinin azumi awa 13 ne da wani abu, daren bai cika 11 ba. Cire barci, cire sallar isha'i da asham. A 'yan awannin da suka rage ana so ta shigar da lita ɗaya da rabi na ruwa da kurɓi, da giram 60 na furotin da cokali biyar-biyar, da tazarar minti 30 tsakanin ci da sha, da ƙwayoyin da su ma ba a haɗa su. Lafiyayye yana kwankwaɗar kofi uku a sahur ya wuce wurin. Ita ba ta da inda za ta zuba. Ga zafin Maris da Afrilu, ga bushewar hunturu da Ramadan ke komawa cikinta a shekarun nan, wadda ke tsotse ruwan jiki ba tare da an ji ƙishi ba. Saboda haka likitocin fannin suke hana azumi a wata 6 zuwa 12 na farko, wasu har 18.

Aya ta 184 da ta 185 a Suratul Baƙara sun ba marar lafiya izinin sha ya rama. Malamanmu na Malikiyya sun fayyace: idan ana tsoron ciwo ya ƙaru ko warkewa ta yi jinkiri, sha ya halatta. Idan ana tsoron halaka ko cuta mai tsanani, kamar lalacewar wata gaɓa, sha ya zama wajibi, mai yin azumin shi ne mai laifi. Ana gane wannan ta hanyar abin da mutum ya jarraba a jikinsa, ko maganar amintaccen likita masani. A wannan ɓangare na gari da yawa daga likitocinmu ba Musulmi ba ne, ana kuma tambayata ko a karɓi maganarsu. A karɓa, idan an san shi da ƙwarewa da gaskiya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗauki Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ ɗan jagora a hijira alhali bai musulunta ba. Likita yana faɗin halin jiki, hukunci kuma na shari'a ne.

Wadda ake sa ran za ta iya nan gaba, ramuwa ce kawai a kanta, babu ciyarwa. Idan wani Ramadan ya riske ta uzurin bai yanke ba, babu komai a kanta sai ramuwar idan ta samu iko, domin mudun jinkiri yana kan wanda ya yi sakaci ne. Wanda kuma likita ya tabbatar ba zai ƙara iyawa ba, kamar mai faɗuwar suga da ta ƙi jin magani, ya ciyar da miskini ɗaya mudu ɗaya a madadin kowace rana. Mudun Annabi ake nufi, cikin tafi biyu na matsakaicin mutum, ba mudun kasuwa ba. A wurin Malikiyya wannan ciyarwa mustahabbi ce, a sauran mazhabobi uku wajibi ce, ni kuma ina ba mai hali shawara ya ciyar.

Wanda ya wuce shekara, gwajin jininsa ya yi kyau, likita ya ba shi dama, ya gwada da Litinin ko Alhamis a Sha'aban kafin ya shiga wata guda. Ya buɗe baki da ruwa kurɓi-kurɓi da dabino ɗaya, ba bakwai ba, idan dabinon ma yana tayar masa da zufa ruwa ya wadatar, sunna ta samu. Ya yi magariba, sannan ya ci abin gina jiki. Ƙosai da soyayyen dankali da kunun tsamiya mai suga a kan tumbin da ya wuni a rufe, su ne ke kai mutane kwance kafin isha'i. Ya ajiye gorar ruwa kusa da shi a asham, ya jinkirta sahur. Idan da rana ya ji jiri mai tsanani, rawar jiki, fitsari ya yi duhu ya ƙanƙance, ko na'ura ta nuna suga ya sauka ƙasa da 70, ya karya nan take ko saura minti goma a sha ruwa. Allurar B12 ba ta karya azumi, Majalisar Fiƙihu ta tabbatar da haka a zamanta na Jidda a 1997 game da allurar da ba ta abinci ba, amma ƙarin ruwa mai ciyarwa yana karyawa. Aman da ya rinjayi mutum ba ya karyawa matuƙar bai mayar da komai da gangan ba, wanda ya jawo shi da kansa don ya ji sauƙin abin da ya tokare shi zai rama.

Saura mas'ala biyu ƙanana. Wasu bayan baifas suna fama da yawan fitar iska. Idan tana zuwa ba da iko ba har ta kai rabin lokaci ko fiye, hukuncin salasi ne, ba ta warware alwala a mazhabarmu, sai dai an so a sabunta. Mai zuwa Umara ko Hajji kuma kada ya ce sai ya cika ciki da Zamzam kamar sauran alhazai, ya riƙe gora yana kurɓa, ya kuma tafi da magungunansa da takardarsa.

Kai mai tambaya, abin da za ka yi ke nan. Ka je Barnawa da kanka, ka zauna da ita da mijinta. Ka gaya mata azumin bana ba nata ba ne, ta ƙirga kwanakin ta ajiye, ga karatun Alƙur'ani da ciyar da masu azumi da tsayuwar dare gwargwadon iko. Ka tambaye ta yaushe rabonta da ƙwayoyin, da kuma ko tana amai. Idan tana yi, ko ƙafafunta sun fara mutuwa, kada ku jira gwajin wata shida, ku kai ta a wannan makon tare da takardar asibitin Masar. Maganin sugar da take sha kafin tiyata shi ma likita ya sake duba shi, domin sau da yawa awon da ya dace da ita a da ya yi mata yawa yanzu.

Wallahu a'alam.